Saifar Ya'u Dillali

Litinin, 7 ga Afrilu, 2025

Allah ya ƙara wa likitoci ilimi, amin. Mutane ne masu tarbiyya. A duk faɗin Daura babu inda ake gaishe ni sau goma kafin azahar sai asibiti, kuma can kaɗai ake neman izinina kafin a ɗaga mini riga. "Baba, sunana wane, ka yarda in duba ka?" Har murza tafin hannu suke ya yi ɗumi kafin su taɓa ni. Shekara talatin da ɗaya muna tare da matata Hadiyya, ba ta taɓa ɗumama hannu domina ba.

Ɗazu Dokta Harisu ya aiko. Ranar Alhamis jarrabawar ɗaliban likita, in zo da sassafe, kada in cika ciki. Shekara ta shida ke nan.

Ni fa ba mara lafiya ba ne, kayan aiki ne. Tun ina saurayi zazzaɓin damina ya bar mini kumburarriyar saifa, ta sauko har kusa da cibiya kamar an ɓoye mini 'yar kabewa. Ba ta ciwo, ba ta hana ni zuwa kara dillancin tumaki. Ranar da Harisu ya fara taɓa ta, murna ya yi. "Baba Ya'u, irin wannan sai a littafi!" Ɗan marigayi Hamma ne, aminina. Ragon sunansa ma ni na zaɓo a kasuwar Mai'adua. To tun daga lokacin, duk jarrabawa sai a kwantar da ni, yara su zo ɗaya bayan ɗaya su lalube ni, manya na zaune suna ba su maki.

Doka ɗaya ya kafa mini: labari ɗaya zan ba kowa, kada in ƙara, kada in rage, don a yi wa yaran adalci. Na haddace shi kamar karatun allo. Ciki ne ya yi mini nauyi ta hagu, shekara da shekaru. Ba na amai, ba na tari, ba na rama. Abinci lafiya lau.

Talata, 8 ga Afrilu

Hadiyya ta ce wandon Sallar nan kamar yana jiran wani mutum ya shigo mu zama biyu. Na ce azumi ne.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ina wanka hannuna ya faɗa kan wani abu a ramin wuya, ta hagu, daidai saman ƙashi. Kamar ƙwallon magarya. Tauri. Ba zafi ko kaɗan.

A kara, kumburin da dabba ke zillewa in an taɓa bai cika ba ni tsoro ba. Wanda za ka matsa tana tsaye tana tuƙa abinta, shi nake duba sau biyu.

Amma ni ba tunkiya ba ne. Na sa riga.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi jarrabawa.

Ukun farko irin na kullum. Tun daga ƙofa idonsu na kan cikina, don duk makarantar an san akwai wani tsoho a Daura mai saifa. Wani dogo ya dinga ƙwanƙwasa ni da yatsa kamar zai sayi kankana. Wani ya ɗora mini abin sauraren ƙirji, ya yi shiru yana gyaɗa kai cikin hikima, alhali kunnuwan abin suna rataye a wuyansa. Na yi masa ido, ya gyara. Duk sun sami saifa, sun auna ta da tef, an ce madalla.

Ta huɗu wata 'yar siririya ce, ta ce sunanta Murjanatu, daga Dutsi. Ba ta zo kan ciki ba. Ta tsaya a ƙarshen gado tana kallona kawai, tun daga kai har ƙafa. Haka ni ma nake tsayawa nesa da rago kafin in kai hannu. Sannan ta karɓi hannuwana ta juya, ta duba farce, ta ja fatar idona ƙasa, ta ce in fito da harshe. Ta ce in zauna. Ta zagaya bayana, ta bi wuyana da yatsu a hankali tun daga ƙarƙashin haɓa.

Ta tsaya.

"Baba, wannan tun yaushe?"

Na ce wanne.

Ta ce, "Baba, agogonka an huda masa sabon rami. Ka rame ne? Kana jiƙe riga da gumi in ka kwanta? Kana ƙoshi da wuri?"

Duk ukun amsarsu e ce. Na buɗe baki, sai karatun allo ya fito: ba na amai, ba na tari, ba na rama, abinci lafiya lau.

Ta koma wuyan, ta shiga hammata. Kafin ta iso ciki sosai an kaɗa ƙararrawa.

Manya biyu ne, Harisu da wani Farfesa baƙo mai furfura da aka gayyato daga wata jami'a. Da Turanci suke yi, amma na yi aji biyu a sakandare, ina tsintar abin da ya faɗo. Ta ce ta sami kaluluwa mai tauri a wuya, kuma tana zargin ramar ba ta banza ba ce. Farfesa ya duba takardar gabansa. Babu wuya a ciki. Harisu ya taso, ya sa yatsu biyu a wurin.

Ni dai na san abin da na yi: na ɗaga kafaɗa kaɗan, ramin ya rufe. Ban ma yi shawara da kaina ba.

Harisu ya ce ba wani abin a zo a gani ba ne, duk mai ruɓaɓɓen haƙori yana da irinsa. Ya juyo. "Baba Ya'u, ka rame?"

"Azumi ne, likita."

Farfesa bai ko tashi daga kujera ba. Ya ce mata an kawo mata abu kamar ƙwarya ta bari, ta tafi neman gyaɗa. Santimita nawa ce saifar? Ba ta auna ba.

Da za ta fita ta ja mini mayafi ta rufe cikina, abin da sauran suka manta. A hankali ta ce, "Na gode, Baba. Amma don Allah ka je a duba wuyan nan."

An ba mu shinkafa da kaza. Cokali huɗu na ci.

Lahadi, 13 ga Afrilu

Mai'adua. Akwai wani farin rago mai kumburi a ƙarƙashin muƙamuƙi, tun safe dillalai biyu suka kasa fitar da shi. Na karɓa. Na tallafo haɓarsa da tafin hannu kamar ina lallashinsa, na juya wa mai saye gadon baya da ƙaho, na yi ta ba shi labarin uwar ragon. Ya duba haƙori, ya ɗaga jela, ya ja abinsa. Hannun da ke ƙarƙashin haɓa ba wanda yake tambayarsa me yake yi a can.

Har yanzu dai akwai sauran gwaninta.

Talata, 22 ga Afrilu

Na haɗu da Abbas, nas ɗin da ke shirya mana gadaje ranar jarrabawa, a bakin masallaci. Sakamako ya fito. Yarinyar Dutsi ta faɗi, sai ta maimaita a Yuli, abokanta sun wuce. Ya ce ita ce ta fi kowa a ajin, kowa ya yi mamaki.

Ba ni na ba da maki ba. An ce kada in ƙara, ban ƙara ba.

Juma'a, 25 ga Afrilu

Da abin tsoro ne, da Harisu ya kira. Ya taɓa da hannunsa. Yaron da na ɗauka a kafaɗa zuwa kallon rijiyar Kusugu ba zai ji abu a wuyana ya yi shiru ba.

Alhamis, 1 ga Mayu

Bai kira ba.

Talata, 6 ga Mayu

Ƙwallayen wuyan sun zama biyu. Hadiyya ce ta gani, ta ce in ban tafi da ƙafata ba za ta kira 'ya'yanta su ɗauke ni a kai.

Yau na shiga asibiti ta ƙofar da kowa ke shiga. Ashe akwai layi. Ba wanda ya murza hannu, ba wanda ya ce Baba sunana wane. Harisu ya tafi taro. Mai kati ya miƙo mini fayil ɗina ya ce in riƙe in jira, ni kuma ban iya riƙe takarda ban leƙa ba.

Shafi shida, shekara shida. Nauyi kilo saba'in da ɗaya. Shekara ta biyu, saba'in da ɗaya. Har zuwa watan jiya, saba'in da ɗaya, da rubutun Harisu. Rabona da hawa sikelin nan tun shekarar farko. Awon jini ma lamba ɗaya ce ake kwafowa. Na lallaɓa na hau sikelin da ke bakin ƙofa. Sittin da biyu.

Wato shekara shida ɗalibai sama da ɗari sun taɓa ni, manyan likitoci sun tsaya a kaina, ina ta yi wa mutanen kara alfahari cewa duk Daura babu wanda ake dubawa kamata. Ashe ba a taɓa duba ni ba. Saifa ake zuwa gaisarwa, ni ɗan rakiya ne.

Na mayar da fayil na dawo gida.

Asabar, 10 ga Mayu

Bayan la'asar na je gidan Harisu. Ya shimfiɗa mini darduma, ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Tarbiyya dai, ba a magana.

Ban yi doguwar gaisuwa ba. Na kama hannunsa na ɗora a wurin, na sauke kafaɗa. Na ce, "Harisu, haƙorin nawa ne ya haihu?"

Bai matsa ba ma. Ya janye hannu ya kalli ƙasa.

"Na ji shi tun ranar, Baba."

Na ce ya maimaita, kunnena ya tsufa.

Ya maimaita. Sauran maganar a gutsure ta fito. Wai Farfesan nan yana cikin masu duba takardunsa na ƙarin girma. Wai ta yaya zai tsaya a gabansa ya ce mutumin da yake riƙe da shi shekara shida, aminin mahaifinsa, ɗaliba ce ta gano masa ciwo. Wai ya yi niyyar kirana washegari. Washegari ya rasa da wane baki zai fara. Daga nan kowace rana ta fi ta jiya nauyi.

Na ce, "Kwana talatin, Harisu. Da ubanka na da rai, a nan zan bar maka shi in tafi."

Sai ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Baba, kai ma ai ka ɗaga kafaɗa."

Ashe ya gani.

Na ce ni dillali ne, duk wanda ya zo wurina ya san da wa yake ciniki, da idonsa a buɗe yake zuwa. Shi kuwa a kwance nake zuwa masa, riga a ɗage. Na ce ko ragon sunansa sai da na laluba shi tun daga hanci har kofato, ban ce ai bara na ga uwarsa lafiya ba.

Matarsa ta aiko da kunun aya. Ban sha ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Ban je kasuwa ba. Maganar kafaɗar nan ce. Rashin kunya ce tsagwaronta yaro ya faɗa wa babba haka.

Gaskiya ce dai. Amma rashin kunya ce.

Talata, 13 ga Mayu

Harisu ya sa an ba ni gado. Ya turo wani likita ya duba ni, na ce a'a, a kira mini yarinyar Dutsi. Abbas ya ce tana nan, an maido ta ɗakin maza tana maimaita zango.

Ta zo. Na zaci za ta ɗaure fuska, ko ta yi irin murmushin da nake yi in wanda ya ƙi shawarata ya dawo da rago mai zawo. Ba ko ɗaya. "Baba, sunana Murjanatu, ka yarda in duba ka?" Kamar ba ta taɓa ganina ba.

Na ce, "'Yata, zauna. Wancan labarin na haya ne. Ga nawa."

Labarin haya minti biyu ne. Nawa ya ci kusan awa. Gumin, ramar, yadda tuwo ya koma malmala ɗaya sannan rabi, ƙaiƙayin da na ɗora wa sabulu. Tana rubutawa tana tsayar da ni: tun kafin azumi ko bayansa? Na tuna, tun kafin ne. Ta sake farawa daga farce, kamar ranar farko. Ta sami wasu a hammatar dama da ni ban san da su ba. A ƙarshe ta auna saifar, ta ce ta fi yadda aka rubuta a fayil da yatsa uku. Ita ma saifar tawa ba a duba ta ba, gaishe ta kawai ake.

Na tambaye ta wa ya koya mata tsayawa nesa ta kalli mutum. Ta ce haka yake a littafi, shafin farko, kowa ya karanta. Sai ta ɗan yi dariya ta ce kuma babanta awaki yake kiwo.

Na ce baban ya ji labari? Ta ce ya riga ya gaya wa duk Dutsi bana za ta gama. Yanzu ya daina zama a dandali bayan sallar Juma'a.

Na ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Ta ce amin. Tana haɗa takardunta ta ce, "Ni wata uku ne kawai, Baba, za su wuce. Kai ne ban san nawa aka ci maka ba."

Alhamis, 15 ga Mayu

Sun yanki ɗaya za a kai awo. Harisu ya tsaya a bakin ƙofa har aka gama. Ban kalli wajen ba.

Talata, 27 ga Mayu

Sakamako ya dawo. Daji ne, na kaluluwa. Harisu ne ya kawo da kansa, wannan kam na yaba masa. Ya ce irin wanda ake magani ne, mutane na warkewa, za a tura ni babban asibiti a fara bayan Sallah.

Na ce wata ɗayan da muka yi muna jin kunyar juna, ya rage wani abu?

Ya ce ba wanda zai iya cewa.

Na ce to yarinyar fa? Ya ce sakamako ya riga ya wuce majalisar jami'a, an sa hannu, ba a buɗewa. Na ce ikon Allah. Wuyana an buɗe shi cikin minti ashirin.

Hadiyya ba ta yi kuka a gabana ba. Ta shiga ɗaki ta fito da wandunana duka tana rage musu ƙugu, har da waɗanda ba na sawa.

Lahadi, 1 ga Yuni

Kasuwar ƙarshe kafin layya. Hadiyya ta ce kada in je, na je. Mai'adua ba masaka tsinke.

Wani malamin firamare ya zo, ka gan shi ka san ragon farko ne zai yanka a gidan kansa. Ya ƙyalla ido kan wani baƙi mai ƙaho. Na tallafo haɓar kamar kullum, sai na ji abu a ƙarƙashi, ya kai ƙwan zabo. Malam na ta shafa gadon baya yana murmushi. Ban san yadda aka yi ba, sai na ga na kama hannunsa na kai wurin. Na ce, "Fara daga nan. Kuma gobe in za ka sayi dabba, ja da baya tukuna ka kalle ta."

Mai ragon ya ce Ya'u ka haukace ne. Wataƙila. Rana ce ta yi zafi, kuma hannuna ya gaji da riƙo. Ba wani abu ba ne.

Da na dawo na tarar da Harisu zaune a ƙofar gida, a kan tabarma, ba a mota ba. Wai jarrabawar masu maimaitawa ranar goma ga Yuli ce, Farfesan nan zai dawo. Yana so in zo. Ya ce zai tsaya a gabansa, a gabana, a gaban yarinyar, ya faɗi abin da ya ji a Afrilu. Mu gani. Na sha jin mai rago ya rantse.

Sai halin likitancin ya motsa, ya ce kuma yanzu ga saifa ga kaluluwa a jiki ɗaya, in dai magani bai baje su kafin lokacin ba, irin wannan...

Na ce sai a littafi.

Wato ko in warke ko in yi amfani. Na ce zan zo in ina tsaye, amma ba haddar kowa, wanda ya tambaya zai ji, kuma a ɗora ni a sikeli a gaban Farfesa. Ba don kowa zan je ba. Shinkafarsu ce da daɗi.

Abu ɗaya dai nake ta juyawa. Yarinyar za ta shigo, ta tsaya a ƙarshen gado, ta duba farce, ta zagaya bayana, ta faɗi abin da ta faɗa a Afrilu ba ta canza ko kalma ɗaya ba. A wannan karon za su gyaɗa kai su ce ta ci. To, a takardarsu, me za su rubuta ta koya a wata ukun?